Kuɗin Renon Tilly

Ranar da kuɗin karatun Rochelle suka shigo, kowa a layin sai da ya sani, domin a tasi ta zo ɗaukar 'yarta. Denise tana tsaye a bakin taga ta ga ƙanwar tata ta sauko da ledoji niƙi-niƙi da wani siririn kwali a hammata, har da tsayawa yi wa direba dariya kamar sun shekara da sanin juna. Daga jami'a zuwa titinsu bas ɗaya ne tak. Denise ta ja tsaki, ta koma ta ci gaba da goge wa Tilly baki.

Denise ce babba, ta ba Rochelle shekara bakwai, kuma kowaccensu ita kaɗai ke riƙe da gidanta. Mijin Denise ya daɗe da kama gabansa, ya bar mata Lewis, wanda yanzu ya zama saurayi ya daina magana da kowa sai wayarsa. Uban Tilly kuwa ko haihuwar bai tsaya gani ba, ya tafi Doncaster neman aiki, har yau yana nema. Tun Tilly tana jaririya Denise ke renonta. Da asuba take fita sharar ofisoshi a bakin ruwa, ta dawo da hantsi, a kawo mata yarinyar da jakarta, su wuni tare har yamma. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, tunanin karɓa ma bai taɓa zo mata ba. A gidanta Tilly ta yi haƙori, a kan kafet ɗinta ta fara tafiya. Denise ba ta faɗa wa kowa, amma a duk rayuwarta ta yanzu babu abin da take so kamar wunin nan da yarinyar.

"Ke Den, zo ki gani," in ji Rochelle, tana zube ledojin a kan kujera.

Jar rigar sanyi ce ta Tilly, da takalman ruwa, da kwamfuta sabuwa fil, da kwalin kek mai kirim daga shagon da su biyun suka saba wucewa suna leƙe.

"To farfesa, banki aka fasa?"

"Bashi ne fa. Sau uku suke bayarwa a shekara, wannan shi zai kai ni har Janairu."

"Irin wannan bashi ni ma a ba ni. Wanda ake hawa tasi da shi."

"Ruwa ake yi, ga kwamfuta a hannu, so kike ta jiƙe? Kuma ki bari ki ga ƙarshen wata. Tallafin gwamnati da nake karɓa za su zaftare, wai bashin ma kuɗin shiga ne. Na ce to in na ƙi karɓa fa? Matar ofishin tallafin ta ce ko na ƙi, lissafa shi za su yi kamar na karɓa."

"Allah sarki. Har kin ba ni tausayi."

Denise ta ji maganar zaftarewar sarai, amma ta bar ta ta wuce, don idonta yana kan kwalin kwamfutar. Ita kuwa a ranar ta je ofishin tallafi da Tilly a keken turawa, wani yaro da bai fi Lewis da yawa ba ya zaunar da ita yana tambayar me ya hana ta ƙara awannin aiki. Ta ce tana renon 'yar ƙanwarta. Ya yi murmushi ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Da ta tambayi Rochelle ita yaushe ne nata zuwan, sai ta amsa bakinta cike da kek, wai ai ita an sallame ta, ba a matsa wa ɗalibi neman aiki. A nan kek ɗin ya fita ran Denise.

Hassada ce ta kama ta, ta kuma san hassada ce, amma sanin bai rage mata komai ba. A gidansu Denise ce mai kai. Ita malamai ke kira gaban aji, ita ke kawo kyauta ƙarshen zango. Tana da shekara sha shida ciwon baya ya raba babansu da aikinsa a tashar jiragen ruwa, ta ajiye littafi ta shiga kamfanin kifi, ta yi shekaru tana dawowa gida da ƙarni a gashi. Rochelle kuwa ƙwararriya ce a tsallake katangar makaranta, aikin gida da malamai ke bayarwa ma Denise ke yi mata. Yau ga shi ita ce ke rataya katin jami'a a wuya, ko a cikin shago ba ta cirewa. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Mam, ta mayar da zancen waƙa. A wurin cacar bingo, a layin bas, a ɗakin jiran likita, sai ka ji ta: "Rochelle ɗinmu tana jami'a, malamar makaranta za ta zama." In an ce ina babbar, sai ta ce, "Denise na nan, tana taimakawa." Wannan "tana taimakawa" ta fi komai ci wa Denise rai.

Haka makonni suka yi ta tafiya. Rochelle ta zo da yamma a gajiye, bakinta cike da sunayen malamai da ƙawayen da Denise ba ta sani ba, ta ba da labarin wata muhawara da aka yi a aji, ta yi dariya ita kaɗai. Denise ta riƙa amsawa da "uhm" tana naɗe kayan Tilly. Tasi bai sake zuwa ba, kek ma haka, kuma Rochelle ta fara zama cin abincin yamma a gidan ba tare da an yi mata tayi sau biyu ba. Duk wannan Denise ba ta gani ba. Idon mai ƙyashi yana da zaɓe, abin da zai ƙara masa zafi kawai yake ɗauka.

A watan Oktoba aka buɗe bikin lilo na shekara a titin Walton. Ranar Asabar da rana Denise ta sa wa Tilly jar rigarta suka tafi, Rochelle ta ce za ta same su can in ta fito daga ɗakin karatu. Daga aljihunta Denise ta biya wa yarinyar dokin katako sau biyu, ta biya wasan kamun agwagwar roba, ta sayi soyayyen dankali da barbaɗen yajin nan da ba a samu sai a garinsu Hull. Suna tsaye a gefen motar mai dankalin, Tilly tana lasar yatsu, sai ga Rochelle da wata doguwar mata mai tabarau.

"Bethan, ga yayata Denise, ita ke riƙe min Tilly. Den, wannan Bethan ce, ajinmu ɗaya, ita ma yara biyu gare ta."

Bethan irin mutanen nan ne da ba sa iya barin shiru ya huta. Ta yaba rigar Tilly, ta yi ƙorafin tsadar lilo, sannan ta ce, "Ke kam kin yi sa'a, Shell. Ni ba don kuɗin renon da ofishin ɗalibai ke biya ba, da tuni na koma gida."

Denise ta juyo a hankali. "Kuɗin me?"

"Kuɗin reno mana. Na masu yara."

Rochelle ta runtse ido kamar wadda aka taka wa ƙafa. Denise ta dube ta tun daga sama har ƙasa, duk abin da ta haɗiye tun watan Satumba ya taso mata.

"Ashe har kuɗin reno ake ba ki."

"Ba a ba ni. Ban ma nema ba."

"Ba ki nema ba? Ke, Rochelle, a ce ga kuɗi ki ƙi miƙa hannu? Ke da kike ɗaga kujerar Mam neman canji?"

"Den, ki saurara don Allah. Ba a hannu suke bayarwa ba. Kai tsaye suke biyan mai renon, kuma sai mai rajista, wadda aka zo aka duba gidanta. Irinki ba sa biya. Na tambaya tun farko, na rantse, don ke na tambaya."

"Gaskiya ne fa," in ji Bethan. Kallo ɗaya Denise ta yi mata, Bethan ta shiga duba wayarta.

"Wato in baƙuwa ta share wa 'yarki majina, aiki ne, a biya ta. In ni na share, banza ce."

"Ni na kafa dokar? To shi ke nan, bari in riƙa tsakuro miki wani abu daga bashin. Sai dai ki sani dole ki faɗa wa ofishin tallafi, ke ma su zaftare naki. Me aka yi ke nan?"

"Sadaka za ki ba ni? Riƙe abinki, farfesa. Je ki nemi mai rajistar. Daga Litinin kada ki kawo min ita."

"Ba da gaske kike ba."

"Ki gwada ni."

Ta sumbaci Tilly a ka, ta miƙa wa uwar ragowar dankalin, ta kutsa cikin jama'a. A cikin bas ta gane ta yarda da bayanin Rochelle, tun a wurin ma ta yarda. Ba kuɗin take so ba. So take ƙanwar ta tsaya a ƙofarta ta roƙe ta, ta faɗa da bakinta cewa ba don Denise ba babu jami'a babu katin wuya, in da hali ma a gaban Mam. Kuma ta tabbata hakan za a yi, domin wa Rochelle take da shi? Mam ƙugunta ya hana ta bin yaro, masu reno kuwa a unguwar sai ka yi wata da watanni kana jiran gurbi.

Ranar Litinin aka ƙwanƙwasa. Denise tana zaune a kicin da kofin shayi, ba ta motsa ba. Aka sake ƙwanƙwasawa, sannan ta ji an ɗaga murfin ramin wasiƙa na jikin ƙofa, wata 'yar murya ta shigo: "Anti Den, mun zo." Sai da ta riƙe gefen tebur. Ta ce a ranta ba ta yarinyar take ba, uwar take koya wa hankali. Talata ma haka aka yi. Da yamma Mam ta bugo waya.

"Denise, kanki ɗaya kuwa? Yarinyar nan kwana biyu ba ta shiga aji ba. In fashin ya yi yawa korarta za su yi, su ce ta mayar da kuɗin mutane."

"Ai tana da ƙawaye masu tabarau, su riƙe mata."

"Ke dai kin ji kunya. Da girmanki."

"Ni ai taimakawa kawai nake yi, Mam. Ba haka kike faɗa wa mutane ba?"

Ta ajiye wayar tana jin wani daɗi marar kyau, irin na sosa ƙurji. Ta yanke cewa gobe in sun zo za ta bar su su ɗan tsaya, sannan ta buɗe, ta karɓi jakar ba tare da ta ce uffan ba. Har ta sayo ayabar da Tilly ke so. Washegari ta dawo daga shara da sauri, ta zauna kusa da ƙofa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Kashegarinsa ma shiru.

A bakin Mam ta ji sauran. Wata mai reno a bayan filin wasa, Yvonne, yaro ɗaya ya bar wurinta saboda iyayensa sun tashi, Bethan ɗin nan ce ma ta haɗa su. Rochelle ta nemi kuɗin renon, an amince. Denise ta ce, "Madalla," ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Gidan ya yi mata faɗi. Ta dawo aiki ta rasa abin yi da hannuwanta, ta wanke abin da yake wankakke, ta kunna talabijin ta tarar da tashar yara ce ta kasa canzawa. Ayabar ta yi baƙi a kwano. Ranar Lahadi ta ƙi zuwa cin abinci gidan Mam don kada a ce ta sauko, ta wuni tana tunanin ko Yvonne ɗin ta san Tilly ba ta barci sai an shafa mata kunne. Yanzu hassadar ta rabu biyu, rabi na ƙanwarta, rabi na matar da ko fuskarta ba ta taɓa gani ba.

Sai da Nuwamba ta kama sannan girman kan ya gaji. Wata Lahadi da la'asar ta dafa farfesun nama da dankali, ta rufe tukunyar da tawul, ta taka zuwa gidan Rochelle. Tilly tana gidan Mam. Rochelle ta buɗe ƙofa sanye da rigar sanyin fita, da hula, ga bargo a kafaɗa. Cikin gidan ya fi waje sanyi. A kan tebur kwamfutar nan ce da littattafai, da kofin ruwan zafi da take ɗumama hannu da shi.

"Wannan sanyi fa? Na'urar ɗumama gidan ce ta lalace?"

"Lafiyarta lau. Sai Tilly na nan nake kunnawa."

"Kuɗin fa?"

"Ai na faɗa miki za su zaftare, kika ce na ba ki tausayi. Abin da ke shigowa a wata yanzu, in na biya haya sai ɗan abin cefane. Bashin kuma sai na ja shi har Janairu. Ga na Yvonne ya ƙaru, don ba duka suke biya ba, akwai kason da ke kaina."

Denise ta ajiye tukunyar a kan murhu, kunya ta rufe ta. Da bakinta ta ƙara wa ƙanwarta wannan nauyi. Amma ban haƙuri bai taɓa yi mata sauƙin fita ba, sai ta ce tana kallon tukunya, "To ki kawo ta gobe. Na huce."

Rochelle ta ja kujera ta zauna. "Ba zai yiwu ba, Den."

"Kamar yaya? Kyauta fa. Ki huta da kason, ki kunna wutarki."

"Na sa hannu da Yvonne har Yuli. In na janye, washegari wata za ta ɗauki gurbin, ba zan sake samu ba."

"To ki bar shi mana. Ga ni."

"Ga ki yau. Shekara uku zan yi ina karatun nan. Na tsaya a ƙofarki da yarinya tana kiran sunanki, ina jin ƙarar cokalinki a kofi. Na je na zauna gaban malamata ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ina roƙon kada a cire ni. Gara in kwana da hula da in sake yin wannan."

Babu faɗa a muryarta, shi ya sa Denise ta rasa inda za ta kama. Da zagi ne da ta rama.

"Ba na hana ki ganinta," in ji Rochelle. "Ki riƙa zuwa gidan Mam ranar Lahadi. Tana tambayarki."

Lahadi. Kamar wata baƙuwa mai kawo alewa. Denise ta ce a ci farfesun da zafinsa, ta fito.

Ba ta iya jiran Lahadin ba. A tsakiyar mako, da ta taso aiki, ƙafarta ta bi da ita ta filin wasa, hanyar da ba tata ba. Daga nesa ta hango yara huɗu cikin 'yan riguna ruwan ɗorawa, da wata mata mai jiki da furfura tana tura lilo. Denise ta tsaya a bakin shingen ƙarfe tana ƙare mata kallo, tana neman aibu. Ko waya ce a hannunta, ko tsawa take yi, ko ta bar yaro ba hula. Ba ta samu ko ɗaya ba, abin ya ƙara ɓata mata rai.

"Anti Den!"

Tilly ta sheƙo a guje ta zuro hannuwa ta tsakanin ƙarafan. Denise ta durƙusa ta kama su, ta manna fuskarta a shingen, ƙamshin sabulun wani gida ya bugi hancinta. An yi wa yarinyar kitso biyu, irin wanda ita ba ta taɓa iya yi ba. Tilly ta shiga ba ta labari ba numfashi, wai akwai zomo a gidan Yvonne, wai wancan yaron sunansa Reggie kuma yana cizo.

Matar ta ƙaraso tana murmushi. "Ke ce Anti Den. Kullum sai mun ji sunanki."

"Ni ce." Denise ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Bari in ɗan tafi da ita gida, in dawo miki da ita bayan abincin rana. Gidana ga shi nan kusa."

"Ayya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Ba na sakin yaro sai ga wanda uwarsa ta ambata min, shi ma sai ya faɗi kalmar sirrin da muka ajiye da ita."

"Wa ta ambata?"

"Kakarta."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Ki yi magana da Rochelle, in ta ce to, ni ba ni da matsala."

"Ni na rene ta fa. Tun ba ta iya zama ba."

"Na sani, ai an gani. Yarinya ce mai hankali, kin yi ƙoƙari."

Da ladabi ta faɗa, da zuciya ɗaya, kuma Denise ta ji da ma marinta ta yi. Yvonne ta duba sama ta ga hadari, ta tafa hannu ta ce kowa ya zo, lokacin abinci ya yi. Denise ta ƙara damƙe 'yan yatsun da ke hannunta. Ta san abin da zai biyo baya, ta ma shirya masa: yarinyar za ta maƙale a shinge, ta fasa kuka, ta ce ita Anti Den za ta bi, dole matar nan ta ga wace ce wace. Allah ya sani, kukan take jira, so take ta ji shi.

Tilly ta zare hannunta. "Sai an jima, Anti Den," ta ce, ta juya a guje, ta ture Reggie gefe don ta riga shi kama hannun Yvonne.